Barcin Jarirai da Dabarun Rarrashi a Zangunan Akra: Misalin Nima da Maamobi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a shiga gidan da aka yi sabuwar haihuwa a fito ba a ji zancen barci ba. Wata uwa za ta ce ɗanta ya mai da dare rana, wata kuma ta ce nata ba ya runtsawa sai a goye. Kaka na da tata shawara, maƙwabciya na da tata, ma'aikaciyar asibiti ma haka. Wannan takarda za ta duba tambayoyi uku: awa nawa jariri yake bukatar ya yi barci, me ke sa shi yawan farkawa, kuma ta wace hanya za a rarrashe shi ba tare da an jefa rayuwarsa cikin haɗari ba. An ɗauki unguwannin Nima da Maamobi na birnin Akra a ƙasar Gana a matsayin misali, domin yanayin zama a can ya sha bamban da na ƙasashen Turai da Amurka, inda aka rubuta yawancin littattafan reno. Za a kuma kawo kalmomin da Hausawa suke amfani da su a wannan fage, don amfanin ɗaliban harshe.

2.0 Zangunan Akra da Yanayin Zama

Kalmar da mutanen Gana suke furtawa Zongo, asalinta zango ce, wato wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya huta. Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, musamman kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa garuruwan kudu, har da Akra, birnin da Hausawan da suke kira Ankara. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zongo. Nima kuwa ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun mutanen Ga, masu ƙasar. Unguwar ta bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ita da maƙwabciyarta Maamobi. Mazaunansu ƙabilu ne barkatai, daga arewacin Gana da Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso da Togo, amma Hausa ce take haɗa su a kasuwa da masallaci da tsakar gida.

Yawancin gidajen waɗannan unguwanni gidajen haya ne masu ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Iyali guda kan zauna a ɗaki ɗaya, ko a ciki da falo. Rufin kwano yana tara zafi da rana, ya riƙe shi har cikin dare. Akra tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, kusan duk shekara. Sana'a ma tana da nata tasiri: mai sayar da koko da ƙosai tana tashi tun kafin kiran assalatu, mai waakye kuwa, wato shinkafa da wake, takan ɗora tukunya tun cikin dare. Duk wata shawara kan barcin jariri da ba ta yi la'akari da waɗannan abubuwa ba, ba za ta yi aiki a Nima ba.

3.0 Kalmomin Barci da Reno

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage. Barci, wanda wasu suke cewa bacci, shi ne sunan gaba ɗaya. Kwana yana nufin wuce dare a wani wuri, amma a Sakkwato da wasu sassan Nijar akan ce yaro yana kwana, a nufi yana barci. Gyangyaɗi shi ne barcin da yake fizgar mutum yana zaune. Runtsawa rufe ido ne na ɗan lokaci, shi ya sa uwar da ɗanta ya kwana kuka take cewa ba ta runtsa ba. Rarrashi ko lallashi shi ne kwantar wa yaro hankali da murya da hannu. Jijjiga ita ce girgiza shi a hankali a kafaɗa ko a baya. Goyo ɗaure yaro ne a baya da zane, majanyi kuma shi ne ƙyallen da ake ƙara ɗaurewa da shi. Matar da ta haihu kwanan nan ita ce mai jego. Kwanciya iri uku ce: rigingine, wato a kan baya, rub da ciki, da kuma kwanciyar gefe. Bambancin waɗannan uku yana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za a gani a sashe na 7.0.

4.0 Awa Nawa Jariri Yake Bukata?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan motsa jiki da barcin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ga adadin da ta bayar, a cikin awa 24, idan aka haɗa barcin dare da na rana:

(a) Daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17.
(b) Daga wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16.
(c) Daga shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
(d) Daga shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, tazarar da take tsakanin ƙaramin adadi da babba tana da faɗi. Jarirai biyu 'yan wata shida a gida ɗaya, wani ya yi awa 12 wani ya yi 16, kuma dukkansu lafiya lau. Na biyu, ba a jere ake yin wannan barci ba. Sabon jariri yana yinsa ne gutsure-gutsure, awa biyu ko uku a lokaci guda, dare da rana. Barcin da ya yi a bayan uwarsa a kasuwar Nima, ko a cikin trotro, wato motar haya, duk yana cikin lissafi. Sau da yawa uwar da take kukan ɗanta ba ya barci, in ta haɗa waɗannan gutsattsarin sai ta ga adadin ya cika. Daga wajen wata shida yawancin yara suna barcin rana sau biyu ko uku, sa'an nan tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi su koma sau ɗaya.

Ma'aunin da ya fi ƙirgen awoyi sauƙi shi ne yanayin yaron kansa. In yana shan nono sosai, yana fitsari akai-akai, nauyinsa yana ƙaruwa a katin awo, kuma idan ya farka yana kallon mutane yana wasa, to barcinsa ya wadatar.

5.0 Dalilan Yawan Farkawa

Dalili na farko yunwa ce. A ranar haihuwa cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da kimanin cokalin shayi ɗaya na nono a lokaci guda, kuma nonon uwa yana saurin narkewa. Shi ya sa a makonnin farko yake bukatar sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Shan dare kuma yana taimaka wa uwa wajen kawo ruwan nono.

Dalili na biyu tsarin barcin ne. Barcin ɗan Adam zagaye-zagaye yake yi tsakanin mai nauyi da marar nauyi. Zagayen babba yana ɗaukar kimanin minti 90, na jariri kuwa minti 50 zuwa 60 ne kawai, kuma kusan rabin barcinsa marar nauyi ne. A cikin irin wannan barci yakan yi murmushi, ya motsa hannu, ya yi ɗan gurnani, ƙwayar idonsa tana yawo a ƙarƙashin fata. Wanda bai sani ba sai ya zaci ya farka, ya yi maza ya ɗauke shi, ta haka ya tashe shi da gaske. Jira na minti ɗaya ko biyu yakan nuna ko farkawa ce ko juyi ne kawai.

Dalili na uku shi ne jariri ba ya zuwa duniya da sanin dare da rana. Sinadarin melatonin, wanda jiki yake fitarwa idan duhu ya yi, ba ya daidaita a jikinsa sai wajen wata biyu zuwa uku. Kafin nan nonon uwa ne yake kawo masa shi, domin nonon dare yana ɗauke da wannan sinadari fiye da na rana.

Farkawar dare ba ta ƙarewa da wuri. Wani bincike da aka yi a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, aka buga a 2018, ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na yara 'yan wata shida ba sa yin awa shida a jere ba su farka ba, kuma a wata goma sha biyu ma kashi 28 suna nan a haka. Masu binciken ba su ga wata alaƙa tsakanin wannan farkawa da jinkirin girman ƙwaƙwalwa ko na jiki ba. Ke nan yaron da yake farkawa da dare ba lallai ne a ce yana da wata cuta ba, kuma ba alama ce ta cewa nonon uwarsa ba ya isarsa ba.

Kuka ma yana da lokacinsa. Yana ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, musamman tsakanin la'asar da lisha, sa'an nan ya ragu a wata na uku ko na huɗu.

6.0 Dabarun Rarrashi

6.1 Gane alamun barci

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Jariri yana ba da sanarwa kafin ya fara kuka: hamma, murza ido, kawar da kai daga mai yi masa wasa, da zuba ido wuri ɗaya. Sabon jariri ba ya jure zama a farke fiye da awa ɗaya zuwa biyu. A ranar suna, ko lokacin da 'yan barka suka cika ɗaki, yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har gajiya ta yi masa yawa, daga nan kuma barci ya gagara. Kaka ko gwaggo ce ta fi dacewa ta karɓe shi ta shigar da shi ciki, tun da ita ba mai ganin laifinta.

6.2 Goyo da jijjiga

Abin da matan Zongo suka gada kaka da kakanni, bincike ya tabbatar da amfaninsa. A 1986 wasu likitoci biyu a birnin Montreal, Hunziker da Barr, sun gano cewa jariran da aka ƙara musu lokacin ɗauka sun rage kuka da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. A 2022 kuma ayarin Kumi Kuroda na cibiyar RIKEN ta ƙasar Japan ya gwada jarirai 21, ya ba da wannan shawara: a ɗauki yaro mai kuka a yi ta tafiya da shi a hankali na minti biyar ba tsayawa, sa'an nan a zauna da shi a jiki minti biyar zuwa takwas, kafin a kwantar da shi. Amfanin wannan zama shi ne barcin ya yi nauyi, domin da yawa daga cikin yaran da aka sauke da zarar sun rufe ido suna farkawa.

Goyo yana da ƙa'idodinsa. Zane ya tallafi ƙeyar ƙaramin jariri, fuskarsa ta juya gefe, hanci da baki a buɗe, kada haɓarsa ta lanƙwashe a kan ƙirji. Kada a lulluɓe shi ruf da mayafi, musamman a watannin zafi na Fabrairu zuwa Afrilu. Uwa mai suyar ƙosai ko mai girki a kurfoti ta sauke goyo kafin ta sunkuya kan wuta. Jijjiga kuma a hankali ake yinta. Girgiza jariri da ƙarfi cikin fushi tana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ta makantar da shi ko ta kashe shi. Wanda kuka ya kai shi bango, gara ya ajiye yaron a wuri mai aminci ya kira maƙwabciya.

6.3 Raba dare da rana

Da hantsi a fito da yaro tsakar gida, a inuwa, ya ga haske ya ji hayaniyar mutane. Ba a bukatar yin tsit don barcin rana. Yaron da ya saba da ƙarar turmi da rediyo ba sa damunsa. Da dare kuma a rage haske, a kashe talabijin ko a juya shi daga gare ta, a kawar da hasken waya daga fuskarsa. In ya farka a ba shi nono cikin duhu-duhu, ba wasa ba hira. Daga wata uku zuwa huɗu yana da kyau a riƙa bin tsari ɗaya kullum: wanka da ruwa mai ɗumi bayan magariba, shafa man kaɗanya, nono, waƙar reno ko addu'a da murya ƙasa-ƙasa, sai shimfiɗa. Maimaitawar ce take koya masa cewa dare ya yi.

6.4 Zafi da sauro

Riga ɗaya marar nauyi ta auduga ta isa a daren Akra. Ana gane zafi ya yi wa yaro yawa ta taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa; in da gumi, a rage tufafi. Hula da safa da bargo a ɗaki mai rufin kwano suna hana barci, suna kuma da haɗari. Maganin sauro kuwa gidan sauro ne mai magani, irin wanda Hukumar Lafiya ta Gana take ba mata a wajen awon ciki da awon yara. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo kan fuskar yaro ba. Maganin sauro na kunnawa yana cika ɗaki da hayaƙin da yake cutar da huhun jariri. Haka kuma ba a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, ko da a lokacin hunturu ne, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari.

7.0 Kwanciyar da Ba ta da Haɗari

Akwai abin da likitoci suke kira mutuwar fuju'a ta jarirai, wato a kwantar da yaro lafiya ƙalau a wayi gari ya rasu ba tare da an gano dalili ba. Ta fi aukuwa tsakanin wata biyu da wata huɗu, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari kafin wata shida. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, aka kuma fara gangamin wayar da kai a 1994. Cikin shekaru goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Darasin shi ne a kwantar da jariri rigingine a kowane barci, dare da rana, har ya shekara. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, domin yana iya mirginawa ya kife. Iyaye da yawa suna tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe shi in yana rigingine, amma bincike bai nuna haka ba ga yaro mai lafiya. Idan ya kai lokacin da yake juyawa da kansa ta kowane ɓangare, ba sai an riƙa mai da shi ba.

Shimfiɗa ta zama mai tauri kuma a miƙe, ba matashi, ba tarin zannuwa, ba 'yar tsana. A shawararta ta 2022, ƙungiyar likitocin ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida, amma a shimfiɗarsa daban. Rabin farko na wannan shawara ba sabon abu ba ne a Nima. Rabi na biyu ne yake da wuya, saboda ƙarancin wuri, da kuma cewa gidan sauro ɗaya ne sau da yawa ake da shi. Hanya mai sauƙi ita ce a yi wa yaro 'yar shimfiɗa mai tauri dab da ta uwarsa, a ƙarƙashin gidan sauro guda. Inda kuwa ba makawa sai sun haɗa katifa, to a kiyaye waɗannan:

(a) Kada yaro ya kwanta tsakanin manya biyu, ko kusa da yayyensa.
(b) Kada a bar rami tsakanin katifa da bango.
(c) Kada mai shan taba, ko wanda ya sha abin maye ko maganin da yake sa barci, ya kwana kusa da shi.
(d) Kada a yi barci da jariri a kan kujerar falo, domin nan ne haɗarin ya fi yawa.
(e) Bakwaini, da yaron da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, su kwana a shimfiɗarsu daban.

8.0 Magungunan Sa Barci

Gajiya takan kai uwa kantin magani neman abin da zai sa yaro ya yi shiru. Magunguna irin su Phenergan da Piriton suna kawo barci, amma ba don haka aka yi su ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu Phenergan, saboda yana iya tsayar da numfashi. Maganin ruwa da ba a san ingancinsa ba ma abin tsoro ne. A 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya, kuma a 2022 gurɓataccen maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jiki. Kafin wata shida kuma nono kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko. Ɗura masa koko da dare don ya yi nauyin barci yana rage shan nono, yana kuma buɗe ƙofar gudawa.

9.0 Barcin da Yake Alamar Ciwo

Ba kowane dogon barci ne abin murna ba. A makonnin farko, jaririn da ya kai awa huɗu bai sha ba a tashe shi a ba shi. A gaggauta kai shi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ba ya farkawa ko an taɓa shi, ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, haƙarƙarinsa yana lotsawa, yana jijjigar taune-taune, ko idonsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa. Babban Asibitin Maamobi yana cikin unguwa, Asibitin Soja na 37 ba shi da nisa, akwai kuma Asibitin Yara na Princess Marie Louise da Asibitin Koyarwa na Korle Bu. Ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, ba a jiran gari ya waye.

10.0 Barcin Mai Jego

Ba a raba barcin jariri da na uwarsa. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 12, amma wannan na masu aikin albashi ne. Mai sayar da abinci, da kayayo mai dakon kaya a ka, ba su da mai biyansu in sun zauna. Al'adar kwana arba'in, inda mai jego take komawa gaban iyayenta ko a turo mata tsohuwa mai wanka, ita ce take cike wannan giɓi, kuma abin a riƙe ta ne. Zaman gidan haya ma yana da ranarsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: maƙwabciya ta karɓi yaro na awa ɗaya da azahar, miji ya ɗauke shi bayan sallar asuba. Uwar da ta shafe fiye da mako biyu cikin baƙin ciki, tana kuka ba dalili, ko ba ta iya barci ko da yaro ya yi, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo. Ciwo ne sananne, kuma yana da magani.

11.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa sabon jariri yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17, adadin kuma yana raguwa sannu a hankali, sa'an nan farkawar dare ɗabi'arsa ce har ya shekara ko fiye. Goyo, da kwana ɗaki ɗaya, da shayarwar dare, da taimakon dangi, abubuwa ne da mutanen Nima da Maamobi suka riga suka mallaka, bincike kuma ya goyi bayansu. Abubuwan da suke bukatar gyara su ne kwantar da yaro rub da ciki, lulluɓe shi cikin zafi, hayaƙi a ɗaki, da maganin sa barci. Gyaran waɗannan ba ya cin ko sisi, sai dai a faɗa wa uwa da kaka cikin harshen da suke ji, da kalmomin da suka sani.